Gwajin Tuƙin Don Evaristo

Da hannun hagu Don Evaristo ya cicciɓi ƙafarsa ta dama ya saka ta cikin jif, kamar mai loda kayan wani. Shekara biyu ke nan haka yake shiga mota, tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye yana tsaka da ɗaure buhunan gahawa. Ƙafar ta tafi ke nan. Hannun daman ya dawo, da ikon Allah, amma ba duka ba.

Amininsa Hermógenes mai walda ne ya mayar da shi kan hanya. Ya ƙera masa wani ƙarfe a gefen sitiyari, in ya tura shi gaba ya ba da wuta, in ya jawo shi birki ya kama. Aikin da aka ce na kwana biyu ne sai da ya ci mako guda, matar Evaristo, Doña Clemencia, tana ta sintiri zuwa garejin da kwanon abinci.

Tun daga nan ba ta taɓa barinsa ya fita shi kaɗai ba. Kujerar gaba ta zama tata. Ko fadan coci suka ɗauka a hanya, baya yake hawa, tsakanin buhuna da kaji. Takan shimfiɗa bargo a kan ƙafafunta, carbi a hannu, ido a kan titi, ba ta magana har su sauka daga dutse su shiga gari. Da yamma kuma ta jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi da gishiri tana nishi.

Yakan tsokane ta, ya ce shi ke tuƙi, ita ke gajiya. Sai ta ce tsufa ne.

Direbobin tasha ba su ƙyale shi ba. Kullum sai an tambaye shi ko yau ma da mai gadi ya zo, ko makewayi ma tare suke shiga. Yana dariya, amma abin yana cinsa. Ya gaji da tausayi, ya gaji da ƙarar carbin nan a gefensa.

Ana haka ƙungiyar direbobi ta ce duk mai motar da aka sauya wa tsari sai ya kawo sabon lasin, in ba haka ba a cire shi daga layi. Jif ɗin nan kuwa shi ne cinsu, shi ne shansu. Clemencia ta yi ta jan lokaci. Yau ta ce hadari ya haɗu, gobe ta ce a bari a gama girbi, jibi ta ce ta yi mummunan mafarki. Da wa'adi ya rage kwana uku, Evaristo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce gobe za a yi gwajin tuƙin.

Mai gwajin wata matashiya ce, Yurani Ocampo, riƙe da takardu. Ta duba ƙarfen, ta jijjiga shi, sannan ta ce wa Clemencia ta sauko, ba a gwaji da fasinja.

"'Yata, ba zan ce uffan ba. Ke ki zauna baya, akwai matashi mai laushi."

"Doka ce, uwa. Nan ne wurina."

Clemencia ta sauko a hankali, ta naɗe bargonta, amma ta ƙi sakin ƙofar. "Tsoho, tsaya. Akwai maganar da ya kamata..."

"Haba mace, shekara biyu kina yi mini addu'a a cikin kunne. Yau ki yi ta daga nesa, Allah yana ji."

Ya ja mota. A madubi ya hango ta tsaye bakin dandali, ta dafa kai da hannu ɗaya.

Sun zagaya dandalin, ya yi baya-baya tsakanin duwatsu biyu, ya tashi mota a kan tudu ba ta sulale ba. Yurani tana rubutu tana gyaɗa kai. Daga nan ta ce su sauka gangarar da ta nufi gada.

Hanyar nan ya san ta kamar tsakar gidansa, kusan kullum sai ya bi ta da kaya niƙi-niƙi. Sai dai yau jif ɗin ya yi masa wani irin nauyi, alhali ba komai a baya. A kwanar hanya ta farko ya jawo ƙarfen, motar ta rage gudu, amma ba yadda ya saba ba. A ta biyu kafaɗarsa ta fara rawa. Ya ce a ransa rashin barci ne.

Suna shan kwana ta uku sai ga alfadarai huɗu ɗauke da ayaba sun cika titi, wani dattijo yana jansu. Hagu dutse, dama rami har kogi. Evaristo ya jawo ƙarfen da iya ƙarfinsa. Yatsunsa suna zamewa, motar tana tafiya, dattijon ya juyo ya buɗe baki.

Sai jif ɗin ya tsaya cak, hancinsa na shafar wutsiyar alfadarin ƙarshe.

Ya daɗe yana mayar da numfashi kafin ya iya murmushi. "Kin gani ko, 'yata? Hannun nan bai taɓa ba ni kunya ba."

Yurani ta sunkuyar da kai. Takardunta sun zube, tana kallon ƙafarta.

"Don Evaristo, ni na tsayar da ita," in ji ta a hankali. "Na saba da motocin koyon tuƙi. Da na tsorata sai kawai na danna ƙafa."

Ta sunkuya ta janye wani tsohon buhu da aka shimfiɗa a ƙasan kujerar. Can a lungu akwai wani birki na biyu, da irin waldar Hermógenes mai kauri, robar kansa ta cinye har ƙarfen yana sheƙi saboda yawan takawa.