Gwangwanin Farin Fenti

Tsohon mai fenti na Sabon Gari ya kankare gefen ƙofar motar, sai ya tsaya cak. Ƙarƙashin farin akwai ja, ƙarƙashin jan wani fari, bi da bi kamar ɓawon albasa.

Saurayin da ya kawo motar ko a jikinsa. Ya sha rana kafin ya tsinci wannan tsohuwar 'yar Japan mai ƙofa biyu, lulluɓe da tabarmi a wani gida a Tibiri. Ya sa an taɓa injin, an cire salansa. Jiya a hanyar Jiratawa rurinta kaɗai ya watsa awaki. Launi ne ya rage.

"Baba, ja nika so, ja wur."

"Duk haka suka ce," in ji tsohon. "Na san ta. Ja, mai ita ka zuwa da kanshi ya biɗa. Fari kuwa, magada ka turo ta bayan sadakar arba'in, don ta saidu."

Saurayin ya tuntsire da dariya, ya hau kabu-kabu.

Da ya waiwayo, sai ya ga tsohon ya ɗauko gwangwanin farin fenti yana girgizawa kusa da kunne, ya ji ko zai isa.