Kabewar Inna

Kakar farko bayan rasuwar Inna, Baba ya dawo daga gona da kabewa. Ya ja ƙyaure ya rufe, kada maƙwabta su gan shi bakin murhu. Ya yayyanka ta cikin tukunya, ya murza garin gero da man shanu da sukari ya barbaɗa, yadda Inna ke yi. Sai ya tsaya riƙe da murfin.

"Ɗiyata, garwashin nan, bisa take sa shi ko ƙasa?"

Na ce ban sani ba, ni dai ci nake yi.

Ƙasan ya ƙone, saman bai gasu ba. Muka cinye, mu biyu.

Yanzu duk kaka ina gasawa a garin Tasawa. Bisa da ƙasa ake sawa, Baba.