Abin da Nokwanda Ta Kashe

Nokwanda ta maka silifa cikin akwatin gilashin, ta murje ƙaton gizo-gizon da ƙaninta Lwazi yake kiwo a gidanta na Durban.

"Kuka za ka yi, gardi? Yi mana!"

Lwazi ya leƙa. Busasshen ɓawo kawai ya gani.

"Yaya, ai saɓarsa kika kashe. Shi kuwa kin buɗe masa murfi, kuma irinsa sama yake gudu."

Wata ƙafa mai gashi ta shafi kunnenta. Ta ƙame.

"Lwazi, don Allah..."

Ya san gizo-gizon da ya yi sabuwar saɓa ba ya iya cizo sai haƙoransa sun yi ƙwari. Bai gaya mata ba. Ya jawo kujera ya zauna.

"Kuka za ki yi, Yaya? Yi mana."