Gawa Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Alhamis, sha biyu ga Agusta, 1999, Malam Tijjani Kabo ya tashi daga teburinsa ba tare da neman izini ba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ofishin ajiyar bayanai na asibitin, bai taɓa yin haka ba.

Da safen nan aka kawo masa jerin gawarwakin da suka cika mako uku ba wanda ya neme su. Da ƙarfe biyu motar hukuma za ta kwashe su zuwa rami guda. Ta goma sha huɗu wata dattijuwa ce da ta yanke jiki ta faɗi a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, daura da ƙofar asibitin. A ƙullin zanenta aka sami katin zumuntar mata na wani coci: Saratu Audu, Tarauni. Ruwa ya cinye sauran rubutun.

Dokar a fayyace take, shi ne ma mai aiwatar da ita. Ba a sakin gawa sai da sa hannu biyu: na waɗanda za su binne, da na ɗan'uwa na jini. Ya ɗauki takarda, ya cike suna da lamba. A gurbin shekaru, inda likita ya sa alamar tambaya, ya rubuta saba'in da ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ina zuwa ana tsaka da aiki?" in ji Sista Balaraba, shugabar ma'aikatan jinya.

"Kada a ɗauki ta goma sha huɗu sai na dawo."

"Direban nan ko uwarsa ce ba ya jira."

Ya hau Vespa ɗinsa.

Mako uku ke nan da tarzomar da ta girgiza birnin, wata biyu da rabi da komawar soja bariki. Duk ƙaramin cocin da ke cikin unguwa ya sauke allonsa. A Unguwar Gano ya tambayi wani mai kanti, Kirista, inda cocin yake. Mutumin ya dubi gemunsa, ya dubi tabon sallar da ke goshinsa, ya ce bai sani ba, ya jawo ƙofa rabi.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi. A majalisar wasu dattawa a Darmanawa, hira ta tsaya cak da ya ambaci abin da yake nema.

"Malam, kai da wannan kamala, me ya haɗa ka da coci?" in ji ɗayansu. "In wata fitinar ce, mun ƙoshi."

Ya ce aikin ofis ne. Ba wanda ya nuna masa hanya, amma da ya waiga, ya ga an bi shi da ido har kwana.

Ƙarfe ɗaya saura kwata, taɓon ruwan jiya ya riƙe ƙafar Vespa a wani lungu bayan kasuwar Tarauni. Ya kashe injin. A cikin shirun ya jiyo wani sauti can ƙasa-ƙasa, bugun bakin tulu, da muryoyin mata da ake dannewa kada su haura katanga. Bai tsaya tambayar kowa ba. Ya bi waƙar har wani gida mara fenti, leɓunansa suna motsi.

Ya buga ƙofa. Waƙar ta yanke. Aka leƙo ta kafar ƙyaure, sai ya ji ana jan benci ana tokarewa, wata mace tana cewa a fitar da yara ta baya. Ya ɗaga katin daidai kafar, ya riƙe shi a nan minti huɗu cur.

Wani dattijo mai farin gashi ya buɗe, ya ce shi ne Fasto Dauda. Bayansa mata kusan ashirin sun takure a kusurwa, ɗaya riƙe da taɓarya. Malam Tijjani ya cire hularsa, ya shiga da takalminsa, ya tsaya tsakanin bencina.

Da ya faɗi saƙonsa, kuka ya ɓarke. Mako uku suna nemanta, sun ɗauka tarzomar ce ta rutsa da ita.

"Duk ranar albashi takan tafi bakin asibitin nan ta wuni, alhali lafiyarta ƙalau," in ji faston. "Mun tambaye ta har mun gaji. Sai ta ce kallon mutane take yi."

Malam Tijjani ya dubi agogonsa. Ɗaya da minti ashirin da biyar. Ya shimfiɗa takardar a kan benci. Faston ya sa hannu, ya buga hatimi, sannan yatsansa ya sauka a layi na biyu, ya tsaya.

"Wannan kam ya fi ƙarfinmu. Mijinta ya rasu tun a ƙauyensu, can wajen Kabo. Ɗa guda ta haifa, Bulus. Shekara ashirin da biyu da ya tafi makaranta birni, bai sake taka gida ba. Ko ba za ka yi mana alfarma ka tsallake layin ba?"

"Ban taɓa tsallake layi ba."

"To, ashe rami guda za ta."

 Faston ya dubi hular da ke hannun baƙon, ya sauke ido kan takalmin da ke ƙafarsa, ya daɗe a haka.

Malam Tijjani ya zare alƙalami daga aljihu, ya durƙusa gaban bencin. Ya rubuta sunan da rabonsa da rubuta shi shekara ashirin da biyu ke nan: Bulus Audu, ɗanta.