Sunan da Ke Bayan Rigar Ladidi

Tun da aka kafa dokar bai wa kowane direban tsere mota iri ɗaya, gwaninta kaɗai ake dubawa. Haka Ladidi, mai tuƙa adaidaita a Zariya, ta shiga cikin direbobi ashirin na babban tseren Kano.

Ranar Laraba ta kai wa Baba Tanimu tela rigar tseren da gidan Alhaji Sambo suka aiko mata kyauta. An ɗinka "Ladidi Sambo" a bayan rigar da zaren zinare.

"Sun ce in na amsa sunan nan, za su ba ni mai horar da 'ya'yansu," in ji ta.

"Mutum nawa suka amsa?"

"Sha bakwai, Baba. Duk sun zama 'ya'yan Alhaji."

Ya gyara tabarau. "To me ya kawo ki wurina, 'yar nan?"

"A warware shi, a sa Ladidi Barau. Mahaifina ne ya koya mini shan kwana a Kwangila, ba su ba."

Ya ɗauki reza. "Ramukan allura za su nuna fa."

Ta yi dariya. "Baba, a gudun da zan yi, wa zai gani?"