Adon Falon Alhaji

Alhaji na tsaka da yi wa baƙi bayanin sassaƙen da ya girke a falonsa, sai ga mahaifiyarsa ta yi sallama.

Manyan dillalan masarar Funtuwa ne zazzaune, ya gayyato su musamman su ga yadda ake wayewa. Itace ne baƙi wuluk, sai ƙyalli yake, jikinsa duk zanen macizai masu gashin tsuntsu da fuskoki masu zare ido.

"Zanen mutanen Maya ne, na can zamanin da," in ji Alhaji, yana saɓa babbar riga. "Daga Meziko aka kawo mini, a jirgin sama."

Bai gaya musu hoto ya gani a waya ya kai wa wani masassaƙin Dandume ba. Bai kuma ce da masassaƙin ya nemi busasshiyar ƙirya, madafin tsohuwa ya lallaɓa ba. Ita kuwa mako uku ke nan ba sa ga-maciji da maƙwabta, ta rantse su suka ɗauke mata turmi.

Ta zagaya sassaƙen, ta duƙa, ta shinshina. Gumi ya karyo wa Alhaji.

"Inna, a hankali, ya shekara dubu."

"Hamsin da biyu dai. Da shi aka kawo ni gidan ubanka."

Ta sa ƙafa ta ture shi. Bakin turmi ya bayyana, ƙamshin daddawa ya cika falon.

"Ɗora shi a ka," ta ce, "mu je ka ba maƙwabta haƙuri da yaren Meziko."