Ɗigon Ƙasan Ido

Da dannawa ɗaya mai gyaran hoto ya goge baƙin ɗigon da ke ƙasan idon hagu. Ai da safe, lokacin da matar ta kawo hoton a ƙara masa girma, ya ƙare wa fuskarta kallo, bai ga wani ɗigo ba. Lallai datti ne ya hau takardar. Ya bi kumatun ya share ƙuraje, ya lallaɓa goshin, har fatar ta yi sumul kamar ɓararren ƙwai.

Da yamma ta dawo. Ya juyo mata da kwamfutar yana jiran yabo.

"Hajiya, kin ga aiki? Har dattin nan na cire miki."

Ta daɗe tana kallo, jakarta rungume a ƙirji.

"Ka iya aikinka, malam," ta ce a hankali. "Sai dai ba hotona ba ne. Mu tagwaye ne, ta rasu watan jiya. Ko mahaifiyarmu da ɗigon nan take bambance mu."

Ya sake duban hoton.

Ta ce, "Mayar min da 'yar'uwata. Wannan fuskar ina da ita a madubi."